Tsofaffin Gadojin Dogo na Bayan Gari: Me Ke Cin Su, Wa Ke Riƙe da Su

Jirgin ƙasa ba ya son hawa. Mota takan hau tudu ta gangara, ta yi kwana ta kewaye dutse, amma ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe santsi gare ta, in hawan ya yi tsanani sai kan jirgin ya tsaya yana ta juya ƙafa a wuri ɗaya. Shi ya sa injiniyoyin ƙarni na 19, idan layinsu ya iso bakin kwari, abu biyu ne a gabansu: ko su cike kwarin da ƙasa, ko su ɗaga dogon sama a kan jerin ginshiƙai har ya kai wancan tudun. Irin wannan doguwar gada mai ƙafafu da yawa, wadda sau tari ba wani babban kogi a ƙarƙashinta sai ciyawa da ɗan rafi, ita ce abin magana a nan. Da yake kuma kwari mai zurfi ba a birni ya fi yawa ba, mafi tsayi da kyau a cikinsu suna can inda ba kowa, tsakanin duwatsu, nesa da kwalta, nesa da ofishin da ake sa hannu a kan kuɗin gyara.

Ribblehead, a tsaunukan Yorkshire na arewacin Ingila, ta fi dacewa a buɗe zancen da ita, domin kusan duk tambayar da ake yi a kan irin waɗannan gadoji an yi ta a kanta, an kuma yi rigima. Kamfanin Midland Railway ne ya gina ta tsakanin 1870 da 1874, a kan layin da ya haɗa Settle da Carlisle, lokacin da ya gaji da ratsawa ta layin abokin gasarsa kafin ya kai fasinja Sikotilan. Injiniyan aikin, John Sydney Crossley, ya tsara hawan layin kada ya wuce ƙafa ɗaya a cikin kowace ƙafa 100, don jirage masu gudu su iya bi, kuma wannan sharaɗin ne ya haifi ramuka 14 a cikin duwatsu da manyan gadoji fiye da 20 a tafiyar kilomita 117. Ribblehead ce mafi tsawonsu: baka 24, tsawon mita 400, tsayin mita 32, a tsaye a kan wata fadama mai laka da ake kira Batty Moss. Leburori fiye da 2,000 suka kafa bukkoki a wajen da iyalansu, suka raɗa wa unguwanninsu sunaye irin su Jericho da Sebastopol. Haɗari da faɗa da cutar agana suka kashe fiye da 100 daga cikinsu, har maƙabartar ƙaramin cocin Chapel-le-Dale ta cika aka ƙara mata fili. Iskar wurin ma abin faɗa ce: a 1964 ta kwashe sababbin motoci daga kan taragun da ke ɗauke da su a kan gadar.

Wanda ya tsaya ya ƙirga ginshiƙan zai ga kowane na shida ya fi 'yan uwansa kauri. Baka ba ya tsayuwa shi kaɗai. Yana tura na kusa da shi, na kusa da shi yana tura shi, a haka kowa ke riƙe kowa. Idan ɗaya ya faɗi, turin ya koma ta gefe guda, sai faɗuwar ta bi layi. Ginshiƙi mai kauri aka sa don ya tare ta, a yi asarar baka shida a maimakon 24. Maginan sun san abin da suka gina zai iya lalacewa, suka yi masa tanadi tun ran gini tun ran zane. Ranar da mai gadar zai gaji da ita ce kawai ba ta cikin lissafinsu.

Ruwa ne ke cin gadar dutse, ya fi nauyin jirgi ɓarna nesa ba kusa ba. Baka na dutse ko na jan bulo yana son nauyi, dannawa ƙara matse shi take yi, shi ya sa gadojin da aka gina wa jiragen zamanin Sarauniya Victoria ke ɗaukar taragun yau masu nauyin da maginansu ba su taɓa tunani ba. Daga nesa mutum zai ɗauka dutse ne curi guda, alhali sassaƙaƙƙen dutsen a fuska yake kawai. Cikin ginshiƙi ɓaraguzan dutse ne da kwaɓin farar ƙasa, saman bakunan ciko ne, sai shimfiɗar da ke hana ruwa ratsawa, sai tsakuwa, sai dogo. Saman a buɗe yake, bango dama bango hagu, duk ruwan da ya sauka a ciki yake taruwa, bututun da aka bar masa ne kaɗai mafitarsa. Da zarar shimfiɗar ta tsufa ta tsage, ko ganye da ƙurar tsakuwa suka toshe bututun, ruwa sai ya nemi hanya ta cikin ginin. Yana tafiya yana wanke farar ƙasar da ke riƙe da duwatsu, yana barin kogo a cikin ginshiƙi inda ido ba ya kaiwa. Hunturu ya zo ya daskare, ƙanƙara kuwa ta fi ruwan da ya haife ta girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta buɗe tsagar kaɗan. Ta narke, wani ruwan ya shiga, ya sake daskarewa, haka ake ta yi har sanyi ya wuce. Fuskar bulo ta fara ɓantalewa, zoben bulo na ƙasa ya rabu da na sama, bangon gefe ya fara turo ciki. Tsiro ya samu tsaga ya kafa saiwa, saiwar ta yi kauri ta ƙarasa aikin.

Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa mai soro ya san wannan karatun. Indararo ɗaya ya toshe a damina ba a hau an share ba, ƙarshenta azara ce za ta ruɓe; wanda kuma ya shafe katangarsa da siminti don ya huta da yaɓen shekara-shekara, zai tarar laima ta maƙale a baya, wata rana shafen ya ɓalle da rabin katangar. Wannan kuskuren aka tafka wa tsofaffin gadoji da yawa a ƙarni na 20. An gina su da kwaɓin farar ƙasa, wanda ke da taushi, yana barin laima ta fita ta tsakanin duwatsu, yana kuma ba gini damar motsawa kaɗan idan zafi da sanyi suka canza. Masu gyara suka zo da siminti, saboda yana saurin kamawa kuma kowane birkila ya iya shi, suka cike tsakanin duwatsun. Siminti ya fi tsohon bulo tauri, ba ya barin ruwa ya wuce, sai ruwan ya koma fita ta jikin bulon, bulon ya rududduge simintin na nan daram. Yanzu a gadojin da doka ta sa cikin kayan tarihi an koma farar ƙasa, amma ita ma da nata sharaɗin: tana daɗewa kafin ta kama, sanyi mai daskarar da ruwa yana ɓata ta tun tana ɗanya, dole a lulluɓe aikin da buhunan algarara, masu hannun yin ta kuma ba su da yawa.

Duba gadar ma sana'a ce mai zaman kanta. A Birtaniya akan yi wa kowace gadar dogo kallon ido duk shekara, sannan bayan 'yan shekaru, galibi shida, a yi mata duban ƙwaƙwaf, wanda sai hannun mai duba ya kai kowane sashe. A gada mai tsayin mita 30, mutum ne zai ɗaura igiya a ƙugu ya sauko daga sama, yana lilo a ƙarƙashin baka da ƙaramar guduma a hannu. Yana ƙwanƙwasa bulo yana saurare. Lafiyayyen bulo ƙara mai kaifi yake bayarwa. Wanda ya rabu da na bayansa kuwa amon kogo gare shi, sai ya zana masa alli ya rubuta a takarda. Yana duban farin dabbare-dabbaren da ruwa ya bari a jikin dutse, da 'yan tsinakun farar ƙasa da ke rataye a cikin baka, domin kowane ɗaya shaida ne cewa abin da ke riƙe da ginin yana tsiyayewa. Inda ya ga tsaga yakan manna mata ɗan ma'auni a gicciye, ya rubuta kwanan wata, don wanda zai zo baɗi ya gane ko ta ƙara buɗewa. Yanzu akwai jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto, da na'urar da ke auna gini da haske ta fitar da siffarsa a kwamfuta, sun kuma rage wahala ƙwarai. Sai dai hoto ba ya jin amo, don haka har yau ba a ajiye guduma ba.

Duk wannan aikin ana yin irinsa a gadar tsakiyar Landan. Nisa ne ke ninka kuɗinsa. Kafin a ɗora bulo ɗaya sai an shimfiɗa hanyar wucin gadi a kan laka don manyan motoci, sai an nemi yardar mai gonar da za a ratsa, sai an kafa matakan ƙarfe masu tsayin bene goma waɗanda iska ba za ta kwashe ba, sai an kawo janareta da ruwa da makewayi da inda ma'aikata za su fake. Ba abin mamaki ba ne kuɗin isa wurin ya fi na gyaran kansa. Wuraren kuma galibi doka ta kare su: ƙasar da ke gindin Ribblehead, inda bukkokin leburori suka tsaya, ita kanta kayan tarihi ce, ba a haƙa ta yadda aka ga dama, in kuma jemagu sun tare a wata tsaga, dokar Birtaniya ta hana a tashe su sai da izini. Aikin saman gada sai an rufe layi, ko dai 'yan sa'o'in dare bayan jirgin ƙarshe, ko na makonni, a riƙa kwasar fasinja a bas ta hanyoyin ƙauye.

Daga nan lissafi mai haɗari ke shigowa. Tunda zuwa wurin tsada ne, mai riƙe da asusu yakan ce a bari ayyukan su taru a yi su gaba ɗaya. Share bututu ba ya jira, amma shi ya fi komai sauƙin ɗagewa, domin ba wanda zai ga bambanci bana, ko baɗi. Gadar cikin gari tana da dubban idanu, dutse ɗaya ya faɗo gobe yana jarida. Ta daji tumaki ne shaidunta.

Haka Ribblehead ta shiga shekarun 1980 tana yoyo. Tun rahoton Beeching na 1963 kan rage layukan dogo, hukumar jiragen ƙasa ta British Rail ke kallon layin Settle zuwa Carlisle a matsayin kaya, tunda akwai wani layin zuwa Sikotilan ta yamma, wanda daga baya aka sa masa lantarki. A 1970 aka rufe ƙananan tashoshin, aka bar Settle da Appleby. Aka karkatar da jirage masu dogon zango da na kaya zuwa wasu hanyoyi, gyara ya koma na toshe-toshe. A farkon shekarun 1980 aka ɗaure wasu ginshiƙan Ribblehead da ƙarafunan dogo da kankare, a 1985 aka mayar da layi biyun da ke kanta ɗaya, aka rage wa jirage gudu. Hukumar ta ce gadar ta gama yawo, magance ta zai lashe har fam miliyan 6, layin da ba shi da fasinja kuwa bai cancanci wannan kuɗin ba. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Tun a 1983 hukumar ta bayyana niyyarta ta rufe layin.

Ƙungiyar masoya layin, wadda aka kafa a 1981, da ƙananan hukumomin yankin suka ƙi hujjar ta fuska biyu. Suka ce fasinja bai gudu ba, korar sa aka yi: wanda ya rufe tasha ya rage jirage ba shi da bakin cewa ba a hawa. Suka kuma ce an hura alƙaluman gyaran. Fiye da mutum 20,000 suka shigar da ƙorafi a rubuce, har da wani kare mai suna Ruswarp da aka dangwala tafin ƙafarsa a takarda, aka kuma karɓa, tunda da tikiti yake hawa jirgin. Mutum-mutuminsa na nan a tashar Garsdale. Wani abin dariyar, jami'in da hukumar ta naɗa ya kula da rufewar, Ron Cotton, sai ya shiga tallata layin yana ƙara jirage. A 1986 aka sake buɗe tashoshi takwas. Fasinja ya tashi daga ƙasa da 100,000 a 1983 zuwa kusan 450,000 a 1989. Sannan a 1988 aka yi abin da ya kamata a fara da shi: aka huda wasu ginshiƙai aka leƙa cikinsu, aka gwada gyara wani sashe don a ga ainihin abin da aikin zai ci. Ciwon bai kai yadda aka faɗa ba. Ranar 11 ga Afrilu 1989 gwamnatin Margaret Thatcher, wadda ba a san ta da tausayin layin da ba ya kawo riba ba, ta ƙi amincewa da rufewar. Michael Portillo ne ƙaramin ministan sufuri a lokacin. A shekarar aka shimfiɗa sabon abin tare ruwa a saman gadar, aka yi babban gyara daga 1990 zuwa 1992, kuɗin ya tsaya a wajen fam miliyan 3.

Ba na cikin masu cewa injiniyoyin British Rail ƙarya suka shara. Gadar da gaske tana ciwo, kuma wanda zai sa hannu cewa jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan mutane zai iya hawa gini yana da dalilin ɗaukar zato mafi muni. Amma ƙiyasin gyaran tsohon gini amsa ce ga tambayar da aka yi. In aka tambayi injiniya nawa za a kashe gadar ta koma sabuwa fil, ta ɗauki layi biyu har shekara ɗari, zai faɗi adadi. In aka tambaye shi nawa za a kashe a tsayar da ruwa, a cike ramukan ciki, ta ɗauki layi ɗaya lafiya, zai faɗi wani daban. Wanda ya zaɓi tambayar ya riga ya zaɓi hukuncin. Muddin kuma ba a huda an duba ba, duk adadin da aka faɗa kintace ne. Shi ya sa duk inda na ji an ce tsohuwar gada ta fi ƙarfin gyara, nakan so in san wa ya leƙa cikinta, sannan me mai maganar ke so a yi da layin. Gyaran 1992 ɗin ma bai rufe babi ba: daga ƙarshen 2020 zuwa 2021 hukumar Network Rail ta sake kashe fam miliyan 2.1 a Ribblehead, kuma ayyukan su ne dai na kullum, cike tsakanin duwatsu, canza waɗanda suka fashe, cire tsiro, gyara magudanan ruwa.

Ana iya yin kuskuren ta ɗaya gefen, a raina ciwo, kuma shi ya fi muni. A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai gadar Kinzua, a tsakiyar kurmi, tsayinta mita 92, tsawonta mita 625, a kan hasumiyoyin ƙarfe 20. An gina ta a 1882, aka sake ta da ƙarfe mai ƙwari a 1900 saboda jirage sun ƙara nauyi. A wannan sakewar ba a canza manyan kusoshin da suka ɗaure ƙafafun hasumiyoyin da dutsen gindinsu ba, an bar na 1882. Jiragen kaya suka daina bi a 1959, ta zama wurin shaƙatawa na jiha, daga baya jirgin 'yan yawon buɗe ido ya riƙa hawa. A 2002 masu duba suka ga tsatsa ta ci ta, aka rufe, a farkon 2003 aka fara gyara. Ranar 21 ga Yuli 2003, ana tsakiyar aikin, guguwa ta ratsa kwarin ta kayar da hasumiya 11 cikin ƙasa da minti ɗaya. Bincike ya nuna ɗaurin gindin nan ne ya karye, ya daɗe da lalacewa a inda ba a gani. Gadar ƙarfe ba ta da nauyin ta dutse. Iska na iya ɗaga ƙafarta ta gefe guda, kusoshin ne kaɗai ke riƙe ta a ƙasa. Ba a sake gina ta ba. An bar ƙarafunan a zube a kwarin, ragowar da ke tsaye aka mayar da ita wurin tafiya da ƙafa a 2011.

Wani lokacin sani ne ke ruɓewa kafin gini. A Agustan 2009 wani sashe na gadar Malahide, arewa da Dublin a ƙasar Ayalan, ya rufta cikin ruwa jim kaɗan bayan jirgin fasinja ya wuce; Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Masu bincike suka gano ginshiƙanta a kan wani jigon duwatsu da aka jibge a ruwa suke zaune, ba a kafe suke cikin fa ba, kuma injiniyoyin da ke kula da ita a lokacin ba su san haka ba, domin waɗanda suka sani sun bar aiki da saninsu. Kwanaki kaɗan kafin ruftawar wani shugaban 'yan sikawut masu tuƙa kwalekwale a wurin ya kira ya ce ruwa na kwashe duwatsun, aka aiko mai duba, ya dubi ginshiƙan ya ga ba komai. In haka ta faru a bakin babban birni, ina ga wadda sai an bar mota an taka da ƙafa kafin a isa gindinta? Abin da ke cikin waɗannan gine-gine yakan ba masu su mamaki. A yammacin Sikotilan an daɗe ana ba da labarin doki da amalankensa da suka faɗa ramin wani ginshiƙi lokacin gini aka rufe da su, ana ɗauka almara ce, sai a 2001 Farfesa Roland Paxton ya sa aka haska ginshiƙin tsakiya na gadar Loch nan Uamh da na'ura, aka ga ragowar dokin da amalanken a ciki.

A kan wannan layin, na Fort William zuwa Mallaig, Glenfinnan take, wadda duk mai kallon finafinan Harry Potter ya gan ta: baka 21 a lanƙwashe, jirgi ya fara bin ta a 1901. Ɗan kwangilar, Robert McAlpine, ya tarar dutsen yankin ya yi taurin da sassaƙa shi asara ce, sai ya zuba kankare zalla, ba rodi a ciki. Wannan ya zame mata alheri, domin abin da ke kashe kankaren zamani shi ne rodin ciki ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa shi. An gina ta a kan ƙasa da fam 19,000. Gyaran da Network Rail ta fara mata a 2024, na toshe tsagar kankare da kare ginshiƙan da ke cikin rafin Finnan, na fam miliyan 3.4 ne, da sharaɗin kada a canza mata kama. Dubban ɗaruruwan baƙi na zuwa kallon ta duk shekara, su cika ɗan ƙauyen da motoci. Akasarinsu daga tudu suke ɗaukar hoto, kuɗinsu na tafiya ga masu otal da masu abinci, gyaran kuwa daga asusun dogo yake fita, wato daga tikiti da haraji. Duk da haka suna garkuwa ne, ba ministan da zai buɗe baki ya ce a rufe Glenfinnan. Sai dai a bayan kowace mai suna akwai gommai da ba a taɓa sa su a fim ba, ruwan da ke shiga su kuwa iri ɗaya ne.

Waɗanda jirgi ya daina hawa su ne marayu. Belah, doguwar gadar ƙarfe da Thomas Bouch ya zana a tsaunukan arewacin Ingila, an rushe ta a 1963, shekara guda bayan rufe layinta. Lambley, ta dutse, a Northumberland, an rufe nata layin a 1976, ta yi ta zubar da duwatsu har aka gyara ta a tsakiyar shekarun 1990 ta zama hanyar masu tafiya da ƙafa. Ba kowace za a iya ceta ba, kuma ban ga laifin rushe wadda ba mai bi ba mai kallo ba. Amma rushewar ma kuɗi ce, a bar ta haka kuwa ba ya yiwuwa in akwai hanya ko rafi a ƙarƙashinta.

Tsofaffin gadojin dogon Najeriya ƙannen waɗannan ne, daga hannun injiniyoyin Birtaniya suka fito, galibi na ƙarfe a kan ginshiƙai. Dogo ya iso Kano a 1911, aka gama gadar Jebba a kan Kwara a 1916, kafin nan a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu, ta Makurdi a kan Binuwai kuma a 1932. Ƙanƙara ba ta cikin damuwarmu. Tamu tsatsa ce, da ambaliyar da ke haƙe gindin ginshiƙi, da wata wadda Ribblehead ba ta sani ba, wato masu kwance noti da ƙarafa su sayar a kilo, waɗanda suka fi sakewa a layin da jirgi ya daɗe bai bi ba. Jirgi mai wucewa kullum yana zuwa da direban da zai ji girgizar da babu ita jiya, da ma'aikatan da ke taka layin, da dalilin ware kuɗi a kasafi.

Ambaliyar nan tana cikin abubuwan da ke tayar wa injiniyoyin Birtaniya hankali yanzu, ganin yadda ruwan sama mai ƙarfi ke ƙaruwa. Sun san ƙarshenta: a Oktoban 1987 kogin Towy ya haƙe gindin gadar Glanrhyd a ƙauyukan Wales, jirgin asuba ya faɗa ruwa, mutum huɗu suka rasu, kuma bayan nan aka tsaurara duban gindin ginshiƙai a ƙarƙashin ruwa. Layin Settle zuwa Carlisle ma ya ɗanɗana. A Fabrairun 2016, bayan ruwan hunturu mai yawa, gangaren da ke ɗauke da dogo a Eden Brows, kusa da Carlisle, ya fara zamewa zuwa kogin Eden, ƙasa kimanin tan 500,000. Wurin ba shi da hanyar kirki, sai da aka fara yin hanya kafin injina su isa. Aka kafa jerin bututun ƙarfe cike da kankare har cikin fa, aka zuba dandamalin kankare a kansu, aka mayar da dogo a sama, ta yadda ko gangaren ya ci gaba da zamewa layin zai tsaya. Aikin ya ci fam miliyan 23, wanda ko an yi la'akari da faɗuwar darajar fam ya wuce adadin da aka so rufe layin baki ɗaya saboda shi a shekarun 1980. Wannan karon ba a buga sanarwar rufewa ba, domin layin na ɗauke da fasinja da jiragen dutse da siminti da katako, kuma ta nan ake karkato jirage in layin yamma ya samu matsala. An sake buɗe shi ranar 31 ga Maris 2017, bayan fiye da shekara guda ana kwasar fasinjan wannan sashen a bas.